Wai Bairos Ne Ya Cinye

Mu mutanen Ƙofar Kibo a birnin Zazzau muna da mai laifi guda ɗaya da bakinmu ya zo ɗaya a kansa, babba da yaro, malami da ɗalibi, mai shago da mai ciniki, kuma har yau bai taɓa zuwa ya kare kansa ba, wato bairos. Waya ta ɗau zafi, bairos ne. Batir ya kumbura, bairos ne. Laftof ta suɓuce daga kan benci gilashinta ya tsage, sai ka ji wani a majalisa ya ce ai da ma bairos ya riga ya cinye ƙarfinta. Ɗalibin da ya kwana kallon ƙwallo bai taɓa aikin da aka ba shi ba, da ya isa harabar jami'a ta Kongo ko ta Samaru sai ya langaɓe kai ya ce, "Allah gafarta Malam, na gama tsaf, bairos ne ya cinye." Malam ya dube shi ya yi shiru, don shi ma bai daɗe da faɗa wa shugaban sashe haka ba. Hotunan bikin da Hajiya ta goge da yatsanta garin nema wa sabon wa'azi wuri a memori, su ma a wuyan bairos aka rataya su, aka yi masa Allah-ya-isa, aka wuce wurin.

To, ba ƙarya muke yi gaba ɗaya ba, ruwa ba ya tsami banza. Miyagun manhajoji suna nan, kuma suna cikin kayanmu fiye da yadda muke zato. Abin da ke damuna shi ne mun tattara su duka mun sa musu suna ɗaya, mun ware musu magani ɗaya, alhali kuwa dangi ne daban-daban, kowanne da hanyar shigarsa, kowanne da abin da ya zo nema. Wanda muke yi wa ihu shi ne mai hayaniya, wanda ke ɓata mana fayil a gaban idonmu. Wanda ke zaune shiru yana karanta saƙon banki kuwa ko a jikinmu, har yabon wayar muke yi, mu ce ba ta taɓa ba mu matsala ba. In kuma ka bi sawun kowannensu, za ka tarar wata ɗabi'armu ce ta shigo da shi, sau da yawa ma ɗabi'a mai kyau.

A unguwar nan filash ba shi da mai shi. Wanda ya saya da kuɗinsa shi ne dai ya saya, amma amfani na jama'a ne. "Yaya, ara mini filash ɗinka, yanzu zan dawo da shi," kuma yanzun nan tana iya kai mako. Kafin ya dawo ya shiga laftof ɗin sakataren kwamitin masallaci, ya leƙa shagon buga takardu a Tudun Wada an fitar da katin ɗaurin aure, ya biya wurin masu turi an zuba masa Indiya-Hausa da tafsirin bara, ya shiga rediyon motar haya, ya kwana a jikin sifikar mai kiɗan biki, sannan ya dawo hannun mai shi, wanda zai soka shi a kwamfutar da furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe yake ciki ba tare da ya tambayi inda ya je ba. Wa zai tambaya? Wa zai dubi tsabar idon Kawu ya ce masa, "Dakata in duba filash ɗinka tukuna"? Kara ba za ta bar mu ba. Ni kuwa ina son karar nan tamu, da ita gidajenmu suka tara kakanni da jikoki a tsakar gida ɗaya ba tare da an ji kansu ba. Sai dai muguwar manhaja ta san da ita, kuma a kanta take hawa.

Sai ranar da ka buɗe filash ka ga duk fayilolinka sun rikiɗe, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, abin da masu shago ke kira shotkot. Nan ake salati, nan ake ɗora hannu a ka, nan wani mai saurin baki zai ce a yi fomatin kawai a huta. Alhali fayilolin suna nan, ba inda suka je. Abin da manhajar ta yi shi ne ta ɓoye na gaskiyan, ta jera na bogi masu sunansu sak, don in ka latsa na bogin ita za ta fara tashi ta shige kwamfutar, sannan ta buɗe maka takardarka don kada ka yi zargin komai. Duk filash ɗin da aka soka a kwamfutar bayan nan ya ɗauka, shi ma ya kai gaba. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fito da ɓoyayyun cikin 'yan mintoci, fomatin kuwa shi ke share su. Ɗalibai nawa suka kashe furojet da hannunsu, garin neman gira suka rasa ido, suka koma suna kuka da bairos? Kuma kada a raina ta don an saba ganinta. Wasu daga cikin masu wannan aiki, irin wadda ake kira Jenxcus, ɓoye fayil hanyar tafiyarsu ce kawai. Da ta samu wurin zama sai ta nemi maigidanta ta intanet, ta ba shi dama ya leƙa, ya kwashi lambobin sirri, ya yi ta ba da umarni daga inda yake. A 2014 sai da kamfanin Microsoft ya je kotu a Amurka a kanta, ita da wata mai suna Bladabindi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Masana harkar ba sa cakuɗa su yadda muke yi. Bairos na ainihi ba ya iya zama shi kaɗai, sai ya manne a jikin wata manhaja ko wani fayil ko farkon faifai, kuma ba ya motsi sai an tayar da abin da ya manne wa. Na farko da ya bazu a irin kwamfutocin da muke amfani da su sunansa Brain, a 1986 ya fito, kuma daga wani shagon kwamfuta a Lahore ta Pakistan, a hannun 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi. Sun ce haushin masu kwafar manhajarsu ba biya ne ya sa suka rubuta shi, har suka sa adireshinsu da lambar wayarsu a ciki don wanda ya kamu ya neme su. A faifan fulofi yake tafiya, daga wannan hannu zuwa wancan, aro bayan aro, har ya tsallaka teku ya isa Amurka. Faifan ya ƙare, filash ya gaje shi, aron dai yana nan yadda yake.

Tsutsa kuwa cikakkiyar manhaja ce mai kwafar kanta da kanta. Wata filash take bi, irin ta shotkot ɗin nan, wata kuma ba ta ma jiran kowa ya latsa komai, intanet take bi tana taɓa kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta samu da ɓaraka sai ta shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta shiga asibitocin gwamnati a Ingila har aka soke ganin likita kusan 19,000. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da abin toshe ɓarakar, waɗanda suka kamu ba su saka ba ne. Mu kuwa abu na farko da muke roƙon mai gyara in ya zuba mana sabuwar Windows shi ne, "Don Allah Malam ka kashe mini ofdet ɗin nan, yana shanye mini data." Ba za a ga laifinmu duka ba, data ba araha ba ce, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Sai dai mu ɗin nan da ke jin zafin datar toshe ɓaraka, mu ne za mu raba dare a TikTok muna kallon faɗan da bai shafe mu ba, har mu tura wa dangi su ma su kalla. Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 aka daina yi mata gyara, Windows 10 ma ta bi sahu a Oktoban 2025, amma ka zaga shagunan buga takardu daga cikin birni har Samaru, ba za ka rasa ta bakwai ɗin tana aiki ba, mai ita yana yaba mata cewa ba ta da nauyi.

Babban abokin hulɗarmu dai shi ne wanda ake kira Turojan, kuma a kansa nake so mu zauna sosai. Sunan ya fito daga tsohon labarin Girkawa da suka yi shekara 10 suna yaƙar birnin Taroya, ganuwa ta gagare su, sai suka sassaƙa ƙaton doki na katako suka cika cikinsa da mayaƙa, suka bar shi a bakin ƙofa kamar kyauta, suka yi kamar sun tafi. Mutanen gari da kansu suka ja shi ciki suna murna. Mu da muke kwana muna tashi a bakin ganuwar Zazzau ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kakanninmu sun tara ƙasa sun kewaye birni, sun bar masa ƙofofi ƙidayayyu, Doka da Kibo da Gayan da Kona da Kuyambana da sauransu, sun sa masu tsaro, don sun san maƙiyi ba ya wahalar da kansa da hawan katanga in zai samu wanda zai buɗe masa. Da ɗan gari akan ci gari. Turojan ba ya kwafar kansa, ba ya neman ɓaraka, mu yake jira mu ɗauko shi da hannunmu mu saka, har mu yi godiya ga wanda ya ba mu.

Tsakaninmu da Allah, wa ya taɓa biyan kuɗin Office a unguwar nan? Wa ya sayi CorelDraw ɗin da ake zana mana kalandar biki da fostar siyasa da ita, ko SPSS ɗin da ɗalibanmu ke lissafin babi na huɗu na furojet da ita? Duk fasassu ne, waɗanda muke kira kirak, kuma kowannensu yana zuwa da 'yar takardar umarni da ke cewa ka kashe antibairos kafin ka saka. Mu kuwa sai mu kashe, cikin ladabi, mu saka, mu sake kunnawa, mu ce alhamdu lillahi ta yi. Ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu ba, wannan bawan Allah da ya ɓata darensa ya fasa manhajar da ake sayarwa da dala ya raba wa duniya kyauta, da me yake cin abinci? Wani don suna yake yi, gaskiya ne, amma da yawa da mu suke cin abincin.

A waya kuwa abin ya fi armashi. WhatsApp na asali kyauta ne, yana nan a Play Store, amma bai ishe mu ba, sai GBWhatsApp da 'yan'uwansa, don mu karanta saƙon da aka goge, mu kalli sitatus ɗin kishiya ko na tsohuwar budurwa ba tare da sunanmu ya fito ba, mu ɓoye alamar mun karanta saƙon mai binmu bashi. Ba a Play Store ake samunsa ba, ƙawa ke tura wa ƙawa ta Xender a gidan suna, aboki ke tura wa aboki a teburin mai shayi, a ce "nawa sabon fita ne, karɓi wannan." Muna so mu ga kowa kada kowa ya gan mu, sai muka miƙa dukan hirarmu ga wanda ba mu san ko sunansa ba. A watan Agusta 2021 masu bincike na kamfanin Kaspersky sun gano Turojan mai suna Triada a cikin wani fitowar FMWhatsApp, a 2022 suka sake samunsa a YoWhatsApp. Aikinsa ya karanta saƙonnin tes, ya yi wa mai waya rajistar abin da ake cirar kuɗi a kai ba da saninsa ba, ya jawo wasu miyagun su shigo, har ya iya ba da damar a ƙwace asusun gaba ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan. Haka linkin nan da ke yawo duk azumi da duk kakar zaɓe, wai ana raba data kyauta, ka tura wa guruf biyar kafin a ba ka. Baba ne ya turo a guruf ɗin gida, wa zai ce masa ƙarya ce? Sai kowa ya ce "Allah ya saka da alheri, Baba," ya latsa. Wasu shafin bogi ne kawai mai karɓar lambar waya da ta BVN, wasu kuma za su ce sai ka sauke wata 'yar manhaja tukuna. Har yau ban ga wanda datar ta iso wa ba, amma kwaɗayi mabuɗin wahala, baɗi ma za mu latsa.

Daga nan sai katin waya ya fara ɓacewa. Ka sa na ɗari biyar da safe, kafin azahar ya zama labari, ka zagi kamfanin layi iya son ranka. Wani lokaci kuwa ɓarawon yana cikin aljihunka. Akwai dangin manhajojin da aikinsu ke nan, su buɗe shafukan talla a ɓoye su yi ta latsawa da sunanka, su yi maka rajistar wasanni da waƙoƙin da ba ka taɓa ji ba, wayar ta yi zafi, caji ya ƙare, data ta tafi, wani a wata ƙasa ya karɓi ladan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan dole a yi mana adalci, don ba kullum ne laifinmu ba. A 2020 wani bincike ya nuna wayoyin Tecno W2 kusan 53,000 da aka sayar a Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu sun zo da Triada tun daga kwali, tana kuma jawo wata mai suna xHelper, wadda ko an mayar da waya yadda ta fito daga kamfani sai ta dawo. Kamfanin Transsion mai yin wayar ya ce daga wani mai kawo masa kayan haɗi abin ya shigo, kuma ya fitar da gyara. Talaka ya tara kuɗi ya sayi sabuwar waya dal, bai ari filash ɗin kowa ba, bai latsa linkin kowa ba, amma ana cin katinsa. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai. Wani lokacin ma ba katinka ake so ba, na'urar taka ake so a haɗa da dubban wasu a yi runduna a kai wa wani hari, yadda Mirai ta yi a 2016 da kyamarori da na'urorin raba intanet waɗanda masu su ba su canza lambar sirrin da suka zo da ita ba. A duba 'yar MiFi ɗin da ke cikin ɗakunanmu, a ga mutum nawa suka canza tasu.

Masu leƙen asiri kuwa, a bakinmu ba mu da abin tsoro kamarsu. Kowa a majalisa ya tabbata ana sauraron wayarsa, wanda ya ɗan yi karatu zai kawo labarin Pegasus, manhajar kamfanin NSO na Isra'ila da a 2019 ta shiga wayoyin mutum kusan 1,400 ta hanyar kiran WhatsApp ko da ba a ɗaga ba. Gaskiya ne an yi haka, amma wannan kaya ne mai tsada da gwamnatoci ke saya, 'yan jarida da 'yan adawa da masu fafutuka aka fi samu a cikin waɗanda aka bi da shi. Mai ba da labarin kuwa, da ya gama sai ya miƙa wa mai caji wayarsa ba kulle ya tafi kasuwa, ko ya kai ta gyara unguwar PZ ya rubuta wa yaron shago lambar buɗewa a jikin takarda, lambar da ita ce ta katin ATM ɗinsa, ita ce kuma shekarar haihuwarsa. Namu masu leƙen asirin ba su da tsada. Akwai manhajar ba da rance da ta ce ka ba ta izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka, ka latsa "na yarda" don naira dubu goma, ranar da ka makara surukinka da limamin unguwa su wayi gari da saƙo ana kiranka ɓarawo. Abin ya yi yawa har hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta far musu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023. An taɓa yin FluBot da NCC ta yi gargaɗi a kanta a Oktoban 2021, wadda a lokacin take zuwa da saƙon tes wai an aiko maka da kaya, in ka saka ta sai ta shimfiɗa fuskar bogi a kan manhajar bankinka, ka rubuta lambarka a hannunta, ta karanta lambar tabbatarwa da banki ya turo, sannan ta aika kanta ga wasu. Akwai mai naɗe duk abin da yatsa ya latsa, wadda ke iya zama a kwamfutar kafe inda muke buɗe imel da shafin makaranta mu tashi ko fita ba mu yi ba. Kuma kada mu ce duk daga waje suke zuwa. A Nuwamban 2020 'yan sandan ƙasa da ƙasa da na Najeriya sun kama mutum uku a Legas da ake zargi da rarraba irin waɗannan manhajoji ga kamfanoni a ƙasashe da dama. Har a cikin gida ma akwai maigidan da ya sa yaro ya haɗa masa WhatsApp ɗin uwargida da kwamfutarsa, akwai uwargidan da ta riga shi, kowa yana zaton shi kaɗai ne mai wayo, amana kuwa tana zubewa a tsakani.

Akwai kuma mai garkuwa da bayanai, wadda sunanta kaɗai yake tayar mana da hankali, don mun san zafin abin a kan mutane. Ita ba ɓoye fayil take yi ba, kulle shi take yi da lissafin da ba mai buɗewa sai mai mabuɗin, ta bar maka takarda ta faɗi kuɗin fansa. Tsohuwar sana'a ce, tun 1989 wani Ba'amurke mai suna Joseph Popp ya aika wa masu binciken cutar ƙanjamau faifai kusan 20,000, wanda ya saka aka nemi ya tura dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. WannaCry ma ita ta ɗauko, tana neman dala 300. Muna jin labarin manyan kamfanoni sai mu ce wa zai kula da laftof ɗin ɗan Ƙofar Kibo. Amma akwai wata mai suna STOP ko Djvu da ƙananan mutane ta fi kamawa, kuma a cikin kirak ɗin nan namu take zuwa, a baya takan nemi dala 980, ta ce in ka yi sauri cikin awa 72 za ta karɓi 490. Mai ɗaukar hoton biki da aikin shekara biyar ke cikin kwamfutarsa, ina zai samo wannan? Ko ya biya ma ba tabbas. Abin da ke karya lagonta shi ne a ce akwai kwafi a wani wurin da ba a haɗe yake da kwamfutar ba, wani faifai a cikin akwati, ko imel ɗin da ka tura wa kanka. Mu da ke yi wa takardar fili fotokwafi uku mu kai ɗaya gidan Gwaggo, furojet ɗinmu kwafi ɗaya ne tal, a filash ɗin da ke yawo unguwa.

Magungunanmu ma abin a zauna a duba ne. Kowace kwamfutar shago tana da Smadav, ɗan koren nan na ƙasar Indonesiya, kuma yana taimakawa wajen filash, amma masu shi da kansu sun ce ƙari ne a kan babban mai tsaro, mu kuwa mun kashe babban da ya zo kyauta a cikin Windows don kada ya cinye mana kirak, mun bar ƙaramin shi kaɗai. Wani ya tara antibairos uku suna ta faɗa da juna kwamfuta ta kasa motsi, wani nasa tun shekarar da ya sayi laftof rabonsa da sabuntawa, alhali miyagun kullum sababbi ake ƙerawa, karen bana shi ke maganin zomon bana. In kuma wani shafi ya yi ja ya fara girgiza waya yana cewa an gano bairos huɗu, latsa nan a goge, jikinmu na rawa muke latsawa, ba mu san wannan gargaɗin shi ne tarkon ba, don shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarka. In duk abin ya faskara sai babban magani, a yi fomatin, ko a kai waya a yi mata filashin. Yana kashe da yawa daga cikinsu, ba musu. Amma lambar sirrin da aka riga aka sace fomatin ba ya dawo da ita, tana hannun wanda ya ɗauka. Sai an canza ta daga wata na'ura mai tsabta, an kira banki, an duba waɗanne na'urori ne ke haɗe da WhatsApp da Facebook an kori baƙin da ke ciki, an sa lambar kariya ta biyu. Mu kuwa da an miƙo mana waya tana sheƙi sai mu mayar da tsohuwar lambar, mu nemi wanda zai sake turo mana GBWhatsApp.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da muke yi bayan an ci mu. Akuya ta ɓata, kafin magariba an yi cigiya a masallaci, yara sun bazu lungu-lungu. Amma a ƙwace wa mutum WhatsApp, ko wayarsa ta fara aika wa jama'a linki da kanta, sai kunya ta rufe shi, ya sayi sabon layi ya yi shiru, kada a ce Alhaji da girmansa yara sun yi masa wayo. Shi kuwa wanda ya ƙwace yana can yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya da hoton Alhaji da irin sallamarsa, "Ƙanwata, ina asibiti, turo mini dubu ashirin zuwa gobe," ita kuma ta tura, don ba a yi mata tarbiyyar ta tambayi yayanta hujja ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, amma sai ɗan'uwan ya faɗa cewa ya kama. Kiran mutum biyar ya isa a fara, babban wa, da mai kula da guruf ɗin gida, da na abokan aiki, da na 'yan ajinku, da liman in ta kama, a ce musu an shiga wayata, duk saƙon da ya zo da sunana daga jiya kada a latsa, kada a tura ko sisi, wanda ya riga ya latsa ya kira bankinsa yau.